Rijiyar da Ba a Faɗa Mini Ba

Ku matso, mata, musamman ku da 'ya'yanku ke ƙasar nan, ana shirin aiko muku da tikiti ku zo wankan jego. Ni ce Hajiya Ladi, mutuniyar Gumel. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Bakina ke faɗa, Auta ke rubutawa. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa ko da maganar ta taɓa mijinta, in kuma ta rage wani abu zan sa a karanta mini in gane.

Auta ita ce 'yata ta ƙarshe, Sa'adatu sunanta. Mijinta, wanda zan riƙa ce wa Malam don ban taɓa kama sunansa ba, yana karatun digiri na uku a jami'a a nan Greensboro ta Amurka. Da a gida ne, cikin fari ɗakina za ta zo ta haihu ta yi arba'in. To babu hali, sai aka ce ni in zo. A filin jirgi aka ƙwace busasshen ganyen darbejiya da na ƙullo don wanka, aka bar mini kanwa da tozali.

Gidan da suke haya yana can bakin gari ta gabas. Sai an wuce jami'a, an wuce coci-coci da ƙananan kantuna, gidaje sun fara nisa da juna. Ɗan gida ne na katako, bayansa fili, bayan filin wani tudu mai ciyawa kore shar da dogayen itatuwa. Na yaba wurin. A kicin famfo, a banɗaki famfo, a kusurwa kuma katan-katan na ruwan roba. Na tambayi Auta dalilin sayen ruwa ga famfo a gida. Ta ce haka ta tarar, Malam ya ce na famfon yana ɗanɗanon ƙarfe. Ni kuwa a sanina ruwan famfo ruwan gwamnati ne, an sa masa magani. Babu wanda ya ce mini rijiya ce aka haƙa a bayan gidan, da inji mai turo ruwan cikin bututu. Auta ma ba ta sani ba, ba ta daɗe da zuwa ba.

Malam ya sani. Amma kun san yadda muke. Tsakanina da shi gaisuwa ce daga bayan ƙofa, ya durƙusa kansa a ƙasa, ni ina kallon bango, na amsa ya tashi. In ina kicin ba ya shiga. In yana falo ba na fitowa. Abin da zai ce mini sai ya bi ta bakin Auta, nawa ma haka. Yaron kirki ne, kunyarsa ta burge ni, har na yi ta ba 'yan uwa labari a waya cewa Amurka ba ta ɓata shi ba.

Auta ta haihu lafiya, namiji. Sunan kakansa ya ci, marigayi maigidana, don haka su suna ce masa Abba, ni ina ce masa Ango. An yi suna, mutanenmu sun cika gida, 'yan Kano da 'yan Nijar da 'yan Gana, motoci har bakin titi. Abu ɗaya ne bai zo daidai ba, ruwan nono. Na dama kunun kanwa, na yi farfesun ƙafar saniya da yaji, ya zo amma bai ishi yaron ba. Likita ya ce a haɗa masa da madarar gwangwani.

Maijego ba ta aiki, saboda haka haɗa madara ya zama nawa. Malam ya sayo mini wata ƙatuwar tukunya a kantin 'yan Afirka da ke titin Gate City, ita nake cikawa da asuba in ɗora a murhun lantarki don wanka. Ta yi ta tafasa har ruwan ya ragu, in ƙara, ya sake tafasa, da yamma ma haka. Tunda babu ganye, da ƙaramin tawul nake yi wa Auta wankan. Kafin in sauke, sai in ɗebi na sama in cika fulas, da shi nake haɗa wa Ango madara. Ruwan roba ban yarda da shi ga jariri ba, ɗanye ne, ya daɗe a kanti, ban san hannun da ya zuba shi ba. Wanda ke cikin tukunyata kuwa babu ruwan da ya kai shi dahuwa a garin nan. Kowace ungozoma a gida abin da za ta ce ke nan, kowace nas ma: a tafasa wa jariri ruwa. Na tafasa.

Sati guda bayan suna Ango ya fara gudawa. Kukansa ya ragu, barcinsa ya ƙaru. Masu zuwa barka suna ta yabonsa, wai yaro mai haƙuri. Ni na yi goyo na yi renon jikoki, na san haƙuri na san kasala. Na ce wa Auta ta ce wa Malam a kai shi. Aka kai shi ƙaramin asibiti, aka ce madarar ce ba ta karɓe shi ba, aka canza wata mai tsada. Na haɗa sabuwar da ruwan fulas ɗin nan dai.

A sati na gaba, wata safiya ina yi masa wanka, ya yi hamma. Ku ji wannan da kyau, domin baƙar fata ba ta nuna irin wannan ciwo da wuri, sai an duba cikin baki. Harshensa da dasashinsa sun koma launin toka da aka cuɗa da shuni. Na duba farce, haka. Na duba tafin ƙafa, haka. Numfashinsa kuma sauri-sauri kamar na ɗan tsako. Ban gama wankan ba na naɗe shi.

A imajansi, sashen gaggawa na babban asibiti, an tsayar da mu a gaban teburi ana tambayar takardun inshora, ana rubuta adireshi, yaro a kafaɗata yana lanƙwashewa. Muka zauna cikin masu tari da masu karaya. Ban iya Turanci ba, amma na tashi na je na buɗe bakin Ango a gaban wata nas da ke wucewa. Allah ya saka wa yarinyar nan. Ta maƙala masa wani abu mai jan haske a ƙafa, ta kalli lamba, daga nan sai gudu. Suka sa masa iska a hanci. Suka ce suna zargin zuciya, aka shafa masa wani abu a ƙirji aka duba ta a talabijin, aka ce lafiyarta lau. Aka ce wataƙila ƙwayar cuta ce. Aka kwantar da mu. A can madararsu haɗaɗɗiya ce a ƙananan kwalabe, ba a ƙara mata ruwa. Cikin 'yan kwanaki bakin Ango ya koma ja, ya buɗe murya ya yi kuka har nas-nas suna dariya. Aka sallame mu ba tare da an ce ga abin da ya same shi ba.

Sai waya ta fara. Ƙanwata daga Gumel ta ce kambun baka ne, taron suna ya yi yawa. Wata ta ce shawara ce, a nemo saiwa. Uwar Malam ta ce gidan da ke kusa da itatuwa ba a rasa mutanen ɓoye, a yi hayaƙi. Wani malami ya aiko da addu'a, ita kam na karɓa, ina tofa masa safe da yamma. Sauran ban yi ko ɗaya ba. Ina so a rubuta wannan: ban ba yaron nan saiwa ba, ban ba shi jiƙo ba, ban ɗiga masa kanwa ba. Takardun kuɗin asibiti kuma suka fara shigowa. Ban san abin da ke ciki ba, na dai ga Malam ya ƙara aikin kai kaya da mota bayan ya taso daga makaranta, wuyansa ya fito.

Ba mu yi arba'in ba ciwon ya dawo, kuma ya fi na farko. A wannan karon Ango ko nono ba ya iya kamawa. Likitar da ta karɓe mu wata doguwar baƙar fata ce mai furfura a goshi. Ta ɗebi jininsa ta ɗiga a farar takarda ta tsaya tana kallo. Na leƙa. Jinin ba ja ba ne, ya yi duhu-duhu, ita ta ce kamar cakulan, kalmar ta zauna mini. Ta faɗi sunan ciwon, dogo ne, na ce wa Auta kada ta wahalar da ku da shi. Ma'anarsa dai jinin yana nan amma ya ƙi ɗaukar iska. Suka ɗura masa wani magani shuɗi kamar ruwan marina ta jijiya. Ina zaune ina kallo leɓensa ya fara dawowa, kafin la'asar ya yi ja. Har fitsarinsa ya rine. Wannan likita, duk inda take, Allah ya yi mata albarka.

Amma ta ce irin wannan yawanci daga abin da yaro ya sha ne. A baranda ta tambayi Malam da Turanci, Auta tana gefe tana kunya, ɗan fari ne, ga miji yana magana. Ta ce ko suna shan ruwan rijiya? Ya ce a'a, ruwan roba kawai ake sha a gidansa. Ta ce ko ana ba yaron maganin gargajiya? Ya ce shi bai san abin da ake yi a ɗakin mata ba. Gaskiya ya faɗa, bai sani ba. Sai dai wannan rashin sanin nasa shi ya juyo da idon asibiti kaina.

Washegari yayar Malam ta iso daga Charlotte. Binta sunanta, yara suna ce mata Anti Binta, nas ce, ta daɗe a ƙasar. Tare da ita aka turo wata ma'aikaciyar kula da yara zuwa gida. A gabana aka zazzage jakata a kan gado, zannuwana, carbina, komai. Aka ɗauke kanwa da tozali za a gwada. Binta ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, amma nan ba Gumel ba ce. In kin ba shi wani abu ki faɗa, ba za a yi miki komai ba." Na ce mata madara na ba shi da ruwa. Ta yi murmushi irin na wadda ba ta yarda ba.

Da yamma Auta ta shigo ɗakina idonta ya kumbura. Ta ce Anti Binta ta ce wa Malam in abin ya sake faruwa hukuma za ta iya karɓe yaron daga hannunsu. Ta ce an hana ni haɗa madara, an hana ni zama da shi ni kaɗai. Ta ce Malam ya ce a ba ni haƙuri, an matso da tikitina, Juma'a mai zuwa zan koma gida. Har Binta ta koya mata yadda za ta riƙa haɗawa bayan na tafi: ta tari ruwan famfo, ta tafasa sosai, ta bari ya huce.

Ban yi kuka ba. Na ce wa Auta ta koma ta ce masa tikiti nasa ne, ƙafa tawa ce. Ba zan hau jirgi da sunan wadda ta shayar da jikanta guba ba. Kuma in ba ni ce ciwon ba, to ciwon zai zauna a gidan bayan na tafi, babu mai nemansa, tunda an riga an ce an kore shi. Auta ta ce ba za ta iya kai masa wannan ba. Na ce to ni zan kai.

Ranar da za a sallami Ango na yi wanka na sa zanena mai kyau na shiga motar Malam ba a gayyace ni ba. A ɗakin asibiti ga likita, ga Binta, ga Malam a bakin ƙofa kamar kullum. Na ce a kira mini tafinta. Binta ta ce ai ga ta. Na ce ba na so, wanda bai san kowa a cikinmu ba nake so. Aka kira ta waya, wani mutum ya amsa da Hausar Kumasi, ya ce Mama yana ji.

Kafin in yi wa likita magana na juya. Tun da aka ɗaura aurensu ban taɓa kallon idon mijin Auta ba, ranar na kalla.

"Malam, shigo ka zauna. Yau ka dube ni. An tambaye ka abin da ɗanka ke sha ka amsa, alhali ba ka taɓa ganin ana haɗawa ba. Ni da nake haɗawa babu wanda ya tambaye ni."

Ya shigo ya zauna a ƙasa. Binta ta ce, "Haba Hajiya, a gaban mutane?" Na ce ai jakata ma a gaban mutane aka zazzage ta.

Sai na fara ba likita labarin yinina tun daga alwalar asuba, tafinta yana juyawa. Yadda nake cika tukunya, yadda take tafasa har ruwa ya ragu, yadda nake ƙarawa, yadda nake ɗiban na sama in cika fulas. Nan ta ɗaga hannu. Ta ce daga ina nake cika tukunyar? Na ce daga famfon kicin, ruwan gwamnati. Malam ya ɗago kai kamar an mare shi.

"Inna," in ji shi, "famfon nan ba na gwamnati ba ne. Rijiya ce."

Likita ta zauna a bakin gado. Ta ce akwai dattin da wuta ke kashewa, akwai wanda wuta ke ƙara wa ƙarfi. Wannan irin gishiri-gishiri ne da ba ya da launi ba ya da wari, naitiret take ce masa. In an tafasa, ruwan ne ke tashi ya tafi, shi ya zauna ya taru. Babba yakan sha ya wuce, jariri ne ba ya ɗauka. Binta ta ce a hankali, to ai ga shi, daga hannun Hajiya ne dai.

Na ce, "Ni na ɗebo, ba ni na zuba ba. A nemo wanda ya zuba."

Ba mu koma gidan da Ango ba. Wani Alhaji da Malam ya sani a masallaci ya ba mu ɗaki a afatmen ɗinsu, irin gidan hayar nan na bene, matarsa ta riƙe mu kamar 'yan ɗakinsu, Allah ya biya ta. Ma'aikatan lafiya na gunduma suka ɗebi ruwan rijiyar suka gwada, suka ce ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Juma'a ta zo ta wuce, babu wanda ya tayar da zancen tikiti, amma ba a ce an fasa ba.

Kun zaci magana ta ƙare? Mai gidan hayar, wani Bature da ban taɓa gani ba, ya ce rijiyarsa lafiya take kafin mu zo. Wai mu ne muka cika ramin masai da taron baƙi, kuma ya ji akwai tsohuwar da ke zubar da tukunyar ruwan zafi safe da yamma, shi ya sa ramin ya tumbatsa ya koma rijiya. Ramin masai kuwa yana gaban gida wajen titi. Ma'aikaciyar yara kuma ta ce ba ta rufe maganar ba tukuna. Laifi ya zagaya ya sake dawowa ƙofata, yanzu da sunan wanka.

A cikin masu zuwa dubiya akwai Ramatu, 'yar Damagaram, Hausarta haɗe da Faransanci, ita ma karatu take a jami'a, karatun abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ta zauna ta ji labarin tana juya Ango a cinya. Ta ce, "Bon, Mama, in ruwan datti ne yake tafiya a ƙasa, ana iya ganin ta inda ya biyo ba tare da an haƙa ba." Na ce da duba ko da bugun ƙasa? Ta yi dariya ta ce da wutar batir. Ta nemi izinin malaminta, ya ce su ɗauke shi aikin aji. Mai gida ya hana a taka filinsa. Sai maƙwabciyarmu, wata tsohuwar baƙar fata mai suna Mis Odesa, wadda ta kawo mana wainar dankali ranar suna, ta ce filinta ya miƙe tun daga gindin tudun har titi, a jikin na gidan hayar, su shiga su yi abin da za su yi.

Ranar Asabar aka yi, sanyi ya fara, ganye ya zube. Malam ya aiko Auta ta ce mini in zauna a ɗaki saboda sanyi. Na ce sunana ake wankewa, zan je in gani. Mis Odesa ta ajiye mini kujera a barandarta ta lulluɓe mini ƙafa da bargo. Ba ta jin nawa ba na jin nata, muka zauna kamar tsofaffin ƙawaye.

Ɗalibai maza da mata suka ja igiya mai tsawo daga tudu zuwa titi. Suka bi ta suna kafa turakun ƙarfe da guduma, tazara ɗaya, kamar masu shuka a kan kunya. Gindin kowane turke a ɗan zuba ruwan gishiri. Suka maƙala wa kowanne waya, wayoyin suka taru a wani akwati mai launin ruwan ƙwai. Ramatu ta ce kowa ya ja baya kada a taɓa ƙarfe. Akwatin ya riƙa ƙas, ƙas, ƙas. Da suka gama wannan layi suka tuge suka sake kafawa a gicciye, ta bayan shinge.

Ramatu ta kawo kwamfutarta har cinyata. Ta ce akwatin yana tura wuta ta wani turke ya saurare ta a wani. Dutse da ruwa mai tsabta suna yi wa wuta taurin kai, ruwan da ya jiƙa shara kuwa yana cike da gishiri, wuta na bin sa a guje. Inda wuta ta sha wuya hoton ya yi ja, inda ta wuce salin-alin ya yi shuɗi. Na ce na gaji da shuɗi a shekarar nan. Ta nuna da yatsa. Shuɗin ya yi kauri a ƙarƙashin tudun, ya zubo kamar harshe, ya bi ta ƙarƙashin fili ya nufi inda rijiyar take. Ta wajen titi, inda ramin masai yake, ja ne.

"Wala, ga shi nan," in ji Ramatu. "Daga baya ya zo, Mama, ba daga gaba ba."

Ta ƙara da cewa akwatin hanya kawai yake nunawa, ba ya faɗin sunan dattin, sai hukuma ta haƙa ta ɗebo. Auta ta juya wa Mis Odesa maganar. Tsohuwar ta daɗe tana kallon tudun. Ta ce tana yarinya wurin rami ne. Manyan motoci ke zuwa su juye shara, da kashin kaji daga gonaki, da ƙazantar da ake kwasowa daga masai. Unguwar baƙaƙe aka zaɓa, ba a tambayi iyayenta ba. Daga baya aka rufe da ƙasa aka shuka ciyawa. Ta ce ita ta daɗe da daina shan nata ruwan, kuma da ta ga katan-katan ana shiga da su gidanmu sai ta ɗauka mun sani. Ta kama hannuna ta riƙe, na riƙe nata.

Malamin Ramatu ya kai hoton wa hukuma. An ɗauki makonni, kun san aikin ofis ko'ina ɗaya ne. Daga bisani suka zo da mota suka huda ƙasa a wurare suka ɗebo ruwa, ya fito yadda turakun suka nuna. Aka rufe rijiyar. Ma'aikaciyar yara ta rufe maganarta ta dawo mini da kanwata. Tozalin ta riƙe, ta ce akwai dalma a ciki. Ango bai taɓa sa shi ba don Auta ta hana tun farko, amma ku ma ku ji, kada ku zo da shi.

Binta ta bugo. Ba ta ce ta yi kuskure ba, ta ce alhamdu lillahi tunda yaro ya warke a bar maganar, kada a yaɗa, Malam baƙo ne da takardun karatu, ba a son rigima da mai gida. Na ce mata ban ambaci sunan kowa a waje ba, ba zan kuma ambata ba. Amma lokacin da ake cewa tsohuwa ta ba jikanta magani, maganar ta kai Gumel kafin in idar da sallar magariba, babu wanda ya ce a bar ta. Wannan ma sai ta kai.

Saboda haka ga abin da nake so ku riƙe. In kun sauka a gidan 'ya'yanku, kada famfo ya ruɗe ku, ku tambaya daga ina ruwan yake. In rijiya ce, a gwada ta kafin jariri ya sha, tafasawa ba ta isa ba. In yaro ya cika barci, ku buɗe bakinsa ku duba harshe. In likita yana tambaya, wadda ke riƙe da yaron ita za ta amsa, a kira mata tafinta, haƙƙinta ne.

Yanzu sun kama afatmen a Gate City, bene na biyu, ga hayaniyar motoci, babu tudu babu ciyawa. Ranar da muka tare, Ango yana kwance a tabarma yana ta harbin iska da ƙafa, lokacin madararsa ya yi. Auta ta ɗauko gwangwanin ta tsaya, ta kalle ni, ta kalli ƙofar falo inda mijinta yake. Babu wanda ya ɗage hanin da aka yi mini da baki. Na karɓi gwangwanin daga hannunta na shiga kicin, na ɗaga murya da kaina.

"Malam, zo nan."

Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa zai durƙusa. Na ce ya shigo ciki, durƙuson ya jira. Na ɗora hannu a kan famfon na ce daga ina wannan yake? Ya ce na gari ne, Inna, daga tafki ake jawo shi a tace, ya tambaya kafin ya karɓi mukulli, ya kuma sa an gwada, likita ta ce a haɗa da shi. Ya yi ta bayani idonsa a kan tukunya, har ya ƙare. Sai ya ce tikitin nan ya mayar da shi yadda yake, in ma ina so a ƙara wata za a ƙara, kuma yana neman gafara.

Na ce gafara an yi. Zancen tafiya kuma ni zan faɗa masa rana, da bakina, ba ta bakin Auta ba. Sai na ce ya miƙo mini kwalbar Ango daga kan kanta, tunda ya shigo.